Zaren da ke Jikin Ƙyauren Iya Gambo

Tun kuna ƙanana kuke ganin ƙyauren nan jingine a bayan shagona, fuskarsa ga bango, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Na hana ku hawa kansa, na hana ku ɓuya a bayansa, kuma duk wanda ya tambayi dalili tsawa ya sha. Da kuka girma kuka daina tambaya, ni kuma na ɗauka magana ta mutu. Sai ga shi bara Hadiza ta je biki Gashua ta dawo idanu jajur, wai wata tsohuwa ta nuna ta da baki a cikin taro ta ce ga 'yar wanda ya sallami Iya Gambo. To, tunda har an fara jifan ku da ita, gara ku ji ta daga bakina, ni da na yi aikin da hannuna, ba daga bakin waɗanda ko ƙusa ba su taɓa bugawa ta shiga daidai ba.

Iya Gambo yayar mahaifiyata ce. Uwata ta rasu ban san fuskarta ba, Iya ta ɗauke ni ta kai ni gidanta a Gashua, ta haɗa ni da ɗanta Garba, kwanonmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya, in duka ne ma tare muke shan sa. Mijinta, Baba Sule, mutumin Haɗeja ne da fataucin bandar kifi ya zaunar da shi a bakin kogi. Mutum ne mai sanyi, sai Allah ya haɗa shi da mace mai baki. Iya ba ta iya yabo ba. In ka yi abin kirki sai ta ce, “Yau kuma wa ya yi maka?” Amma ban taɓa kwana da yunwa a gidanta ba, kuma ban taɓa jin ta ce da ni ɗan wani ba. Da na tasa aka kawo ni Nguru koyon kafinta, na zauna, na auri uwarku. Garba ya gaji kasuwar ubansa ya zama Alhaji Garba. Ku riƙe wannan tun yanzu, domin abin da zai biyo baya kada ya sa ku yi masa mummunan zato: ban taɓa ganin ɗan da ya so uwarsa kamar Yaya Garba ba.

Shi ƙyauren, Baba Sule ne ya sa wani tsohon kafintan reluwe a nan Nguru ya yi masa shi lokacin da zai auri Iya. Maɗaci ne zalla, mai allo huɗu. Tsakiyar kowane allo ta taso, gefensa ya gangara, sannan aka zagaye shi da irin kwalliyar nan da ake ferewa a jikin katako, wadda mu kafintoci muke kira moldin. A ƙofar ɗakin amarya aka kafa shi. Bayan wasu shekaru mahaifiyar Baba Sule ta rasu da damina, tsakar gida duk taɓo, aka rasa inda za a shimfiɗe ta a yi mata wanka, sai aka cire ƙyauren aka kwantar da shi. Da aka gama, Iya ta ce ba za a mayar mata da shi ɗaki ba. Aka jingine shi a zaure. Daga ranar ya zama ƙyauren wanka. In an yi rasuwa a unguwa sai a zo a are shi, a mayar da shi yana ɗiga. A kansa aka wanke Baba Sule, a kansa aka wanke 'ya'yan Iya mata guda biyu, ɗaya wurin haihuwa, ɗaya da zazzaɓi. Dokarsa guda ce a gidan, kowa ya san ta ba tare da an faɗa ba: ba ya barin zaure sai don gawa. Muna yara ni da Garba da gudu muke wuce shi. Ƙanshin ganyen magarya da kafur ya kama jikinsa, ko da rani ka shiga zauren sai ka ji shi.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, a daminar da ta gabace ta ruwa ya yi yawa, kogi ya shigo unguwar ya kwana a zaure. Ko da ya janye, allon ƙasa na hannun dama ya jiƙe ya ruɓe, gara ta ƙarasa sauran. Iya a lokacin ta makance, kuma ciwon ƙodar nan da ya addabi mutanen Gashua ya kama ta, ƙafafunta sun kumbura. Ta aiko a kira ni. Ina shiga ɗakin, kafin in yi sallama ta juyo da fuska.

“Isa ne. Har yanzu tafiyarka kamar an koro jaki daga gona. Ka ga ƙyaurena?”

“Na gani, Iya. Ya ji jiki.”

“A kansa aka wanke mijina, a kansa aka wanke 'ya'yana. Ni ba za a kwantar da ni a kan rami ba. Ka mayar mini da shi yadda yake, ban ce mai kama da shi ba. Ba inda za ni sai ya cika.”

Na yi dariya na ce in dai haka ne ai sai in yi ta jan ƙafa, mu daɗe tare. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in tashi in ba ta wuri, ina tare mata iska.

Na ɗauki aikin da wasa, wannan gaskiya ne. Allo ɗaya me zai ɗauka? Na auna faɗi da tsawo, na dawo Nguru, na je wurin masu injin fere katako, muka zaɓi wuƙar da ta fi kusa da abin da idona ya gani. Na fero guntun katako don gwaji na kai mata. Ta ɗora yatsa a kai, ko rabinsa ba ta bi ba ta miƙo mini.

“Wannan na gidan haya ne. Kai wa wanda ya aike ka.”

Raina ya ɓaci, amma na san ta fi ni gaskiya. Wuƙar inji da filen ɗin hannu, wato abin da muke feren katako da shi, ba su taɓa zama ɗaya ba. Sai na koma ga yadda maigidana ya koya mini. Ana samo yumɓu mai laushi, a shafa wa moldin ɗin mai, a danna yumɓun a kai, a ɗaga a hankali, in ya sha iska a yanka shi a tsaye, sai siffar ta fito kamar an zana. Ita za a kai wa maƙeri ya fitar da ƙarfen filen a kanta. Na gangara bakin kogi na ɗebo yumɓu, na dawo zaure da tsakar rana. Lokacin bazara ne, zafin Gashua kun san shi, ko kare ba ya fita. Na janyo ƙyauren daga bango, kuma don in ji daɗin aiki sai na kwantar da shi a ƙasa. Da na dafa shi sai na ji shi da sanyi, irin sanyin gindin randa. Na sake dafawa. Sannan na lura da abin da ban taɓa gani ba yana tsaye: tsakiyarsa ta lotsa, ba sosai ba, amma lotsawar ta bi siffar bayan mutum, ga wurin kafaɗu, ga wurin ƙugu. Ina tsugune ina kallo sai matar Yaya Garba ta leƙo daga cikin gida. Tana ganin ƙyauren a kwance ta saki kwanon da ke hannunta ta ɗora hannu a ka tana salati. Mata suka fito suna kuka, maƙwabta suka fara shigowa suna tambaya yaushe Iya ta cika. Ni ban tuna ba cewa a unguwar nan ba wanda ya taɓa ganin ƙyauren a kwance sai da dalili. Daga ɗaki muryar Iya ta taso.

“Ku yi mini shiru! Ina nan. Wawan Nguru ne ya kwantar da shi.”

Aka yi 'yar dariya aka watse. Amma kafin la'asar sai ga yaran wani tsohon masunci na bayan gidan, wanda da safe aka gan shi yana ɗinkin koma, sun zo suna cewa babansu ya faɗi ya cika. Suka tsaya a bakin zaure suna kallon ramin da ke jikin ƙyauren, sannan suka juya suka tafi neman wani abin. Da na fito, mutanen da ke zaune a dakali suka janye ƙafafunsu na wuce. Tun daga ranar ban sake kwantar da shi ba, a tsaye na yi duk sauran aikin.

Na kai yumɓun wa Ba Modu maƙeri, Babarbare ne, rumfarsa na bayan tasha. Ya yanko ƙarfe daga tsohon sifirin ɗin mota, ya yi ta bin sa da magagari har ya zauna cikin yumɓun ba ko hasken da ke wucewa. Na sa shi a filen, na fero gwaji, na shafa da hannuna na ji daɗi. Na hau mota na tafi Gashua ina ji da kaina. Wannan karon Iya ta daɗe tana bin katakon da yatsa, ta je ta dawo, ta je ta dawo.

“Ka yi ƙoƙari,” in ji ta, kuma wannan shi ne yabo mafi girma da na taɓa ji daga bakinta. “Amma ba aikin kafintan ka kwaikwayo ba. Ruwa ka kwaikwayo, da hannayen masu wanka. Su suka cinye shi ya koma haka. Ina zaren?”

“Wane zare, Iya?”

“Akwai zare a cikin kwarin. Siriri, yana bin sa daga sama har ƙasa. In babu zare ba ƙyaurena ba ne.”

Na koma zaure na bi kowane allo da yatsa, na haska da tocila, ban ga zare ba. Sumul yake ko'ina. Matar Yaya Garba ta ce mini a hankali ciwon ne ya fara taɓa mata kai, jiya ma da marigayi Baba Sule ta yini tana hira. Na yarda da ita. Na dawo Nguru ban san abin da zan yi ba.

A nan ne maganar ta canja. Likitan da ke duba Iya ya riga ya gaya wa Yaya Garba tun farkon bazara cewa a kai ta gida a yi ta addu'a, ba ya jin za ta ga damina. Damina ta zo, ta yi nisa, Iya tana nan. Ba ta ci sai a cokali, ba ta iya kwanciya sai a jingine da filo saboda ruwan da ya taru mata a ƙirji, amma tana nan, kuma kullum tambayarta ɗaya, ko Isa ya zo da allo. Likitan ya ce shi dai iliminsa ya ƙare. Ran nan sai ga Yaya Garba da kansa a shagona, mutumin da ba ya barin kasuwa ko ranar Sallah sai an ja shi. Ya ƙi zama. Ya ja ni bayan shago.

“Isa, ka bar aikin nan.”

“Ai ma ya gagare ni, Yaya.”

“To ya ci gaba da gagarar ka. Ka ji abin da ta ce da bakinta. Ba inda za ta sai ya cika.”

“Haba Yaya. Ajali a hannun Allah yake, ba a hannun kafinta ba.”

“Na sani. Na fi ka karatu, kada ka yi mini wa'azi. Amma ita kaɗai ta rage mini. In na shiga da safe na ji ta zage ni, ranar nan lafiya nake yini. Ka bar mini ita.”

Yana faɗa hawaye na bin gemunsa. Tun muna yara ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da aka binne ubansa. Na ce masa to. Kuma ba don shi kaɗai na ce to ba, ni ma ba na son ta tafi. Daga nan na shiga ƙirƙiro dalilai. In ta sa an kira ni a waya sai in ce katako bai bushe ba. Wani lokacin in ce Ba Modu ya yi tafiya Dapchi. Ba ta gardama. Sai in ji numfashinta kawai a cikin wayar, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙyar, har wanda ya riƙe mata ya kashe. In na ajiye wayar abinci ba ya shiga. Uwarku, Allah ya ji ƙanta, ta zuba mini ido har ta gaji, ran nan tana tankaɗe ta ce ba tare da ta ɗago ba:

“Malam, kai da Yaya Garba kun ɗaure tsohuwar nan a turke kamar akuya, kuna cewa so ne.”

Na yi mata faɗa, na ce me ta sani. Washegari na hau motar Gashua.

Abin da na tarar ba zan bayyana muku shi duka ba. Ta rame ta ƙare, sai kumburi. Fatar ƙafarta ta tsage tana tsatsar ruwa, an shimfiɗa mata tsumma. Tana zaune a jingine kamar yadda aka bar ta tun watanni, kanta ya faɗo gefe. Na durƙusa na gaishe ta. Wannan karon ba ta ce komai game da tafiyata ba. Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta juya tafin, ta shafa, kamar tana neman ƙurar katako.

“Isa, na gaji,” ta ce. “Kai ma ka shiga cikinsu?”

Na zare hannuna daga nata. Na tashi na fita zaure na tsaya gaban ƙyauren, ina jin haushin kaina, ina jin haushin Yaya Garba, ina jin haushin katakon kansa. A nan idona ya sauka kan wani guntun kwanon rufi da aka buga a kusurwar allon sama. Na san shi tun ina yaro, ya yi tsatsa har ya zama kalar katakon, shi ya sa ban taɓa ɗaukar sa a bakin komai ba. An ce tun shekarar farko allon ya ɗan tsage a wurin, Baba Sule ya rufe shi. Na ɗauko cizal na ɓanɓare ƙusoshin. Da kwanon ya faɗi sai ga maɗaci ja wur, kamar jiya aka fere shi, wurin da ruwa bai taɓa shiga ba, hannu bai taɓa shafa ba. Moldin ɗin a nan kaifinsa na nan, kwarinsa ya fi wanda na kwaikwayo zurfi. Na sa ɗan yatsa a cikin kwarin. Ga zare nan, siriri kamar gashi, ya taso yana bin kwarin. Ƙarfen filen ɗin tsohon kafintan yana da 'yar tsaga a bakinsa, ita ta riƙa barin wannan layi duk inda ta bi. Ruwan wanka ya share shi daga ko'ina tun da daɗewa, amma yana nan a yatsan Iya. Daga baya ta gaya mini cewa kwanakin amarcinta, tana lulluɓe a bayan ƙyauren ba ta san kowa a garin ba, shi take bi da farce tana sauraren muryoyin gidan.

Na danna yumɓu a wurin, na koma da shi Nguru. Ba Modu ya fitar da sabon ƙarfe, ya wasa shi har yana aske gashin hannu. Na karɓa, na gwada shi da yumɓun, na sa alama, na ɗauki siririn magagari na tsaga bakinsa da kaina. Ba Modu ya riƙe haɓa.

“Wushe da aiki, Kafinta! Ni dai tunda nake ban taɓa ganin mutum ya sa a gyara masa ƙarfe, shi kuma ya ɓata shi da hannunsa ba.”

Ina da wani tsohon gungumen maɗaci da na ɓoye shekaru, shi na tsaga. Na fere allon da hannu, na tayar da tsakiyarsa, na gangarar da gefensa, na bi shi da sabon filen. Zaren ya fito. Na gama, na jingine shi a kan benci, na zauna ina kallon sa har aka kira sallah ban ji ba. Ku sani, ba wanda ya tilasta ni. Da na so, da na jefa shi cikin tarin katako, ba mai sani sai Allah. Na auna kukan Yaya Garba, na auna “na gaji” ɗin Iya, na ga wanda ya fi nauyi. Kuma ban yi shi a ɓoye ba, duk wanda ya ce muku na saci jiki na shiga gidan ƙarya yake yi. Da na isa Gashua kasuwa na fara zuwa, na sami Yaya Garba a rumfarsa cikin buhunan banda, na kwance tsumma na nuna masa allon. Ya dube shi, ya dube ni.

“In ka sa allon nan, Isa, ni da kai sai a lahira.”

“Ita ta aike ni, Yaya. Ita ta goya mu, ni da kai.”

Da hantsi na yi aikin. Na fitar da turakun katakon da suka riƙe gindin ƙyauren, na zare ruɓaɓɓen allo, na zura sabo, ya shiga kamar dama wurinsa ne. Tunda ƙyauren ba ya shiga gida sai don gawa, Iya ce za ta fito gare shi. Na shiga na ɗauke ta a hannu. Duk da kumburin nan ba ta fi ɗan yaye nauyi ba. Yaya Garba ya biyo ni daga kasuwa, yana tsaye a bakin zaure, bai shigo ba bai tafi ba. Na durƙusa da ita gaban ƙyauren na ɗora hannunta a kan allon. Yatsanta ya shiga kwarin, ya tsaya, sannan ya bi shi a hankali har ƙasa. Fuskarta ta saki.

“Ga shi nan,” ta ce. “Yau kuma wa ya yi maka?”

Na mayar da ita ɗaki. Ta ce a dama mata kunun tsamiya, aka dama, ta shanye kofi guda, abin da ta yi watanni ba ta yi ba. Ta ce wa matar Yaya Garba kunun ya yi ruwa, uwarta ba ta koya mata komai ba. Gida ya cika da dariya. Yaya Garba ya shigo ya zauna a gefenta, ta shafa kansa ta ce ya tsufa. Ya ɗago ya dube ni, kuma wallahi a idonsa na ga ya fara yafe mini. Bayan azahar ta ce a cire mata filon nan, tana so ta miƙe bayanta. Aka cire. Ta kwanta sosai, ta yi ajiyar zuciya, ta yi kalmar shahada a hankali kamar mai shirin barci. Ba a kira la'asar ba sai da ta cika.

A kan ƙyauren aka wanke ta. Ina zaune a waje ina jin zubar ruwan. A maƙabarta na miƙa wa Yaya Garba hannu, ya duba gefe. Bayan sadakar bakwai ina shago sai ga a-kori-kura ta tsaya, direban ya sauke ƙyauren shi da yaronsa da sauri kamar yana ƙona su, ya ce Alhaji ya ce a kawo mini kayana. Wannan ne karo na farko da ya bar zauren nan ba don gawa ba. Yaya Garba ya cika maganarsa. Na je masa da Sallah ya ƙi fitowa, na aika manya ya sallame su, sunan ɗayanku bai zo ba, auren ɗayanku bai zo ba. Da ya rasu na aika wa 'ya'yansa cewa ga ƙyauren kakarsu, in suna so in kawo, a wanke shi inda aka wanke uwarsa da ubansa. Suka ce sun gode. Wannan ya fi komai yi mini ciwo har yau. Mutumin da muka ci a kwano ɗaya.

In kun tambaye ni ko allon ne ya tafi da Iya, zan ce muku katako katako ne, rai na Allah ne, kuma haka na gaya wa duk wanda ya tare ni da maganar. Amma ba zan ɓoye muku ba, ni ma na yi watanni ina cewa katako bai bushe ba, kuma mutum ba ya yin haka a kan abin da ya tabbata katako ne kawai. Abin da na sani shi ne ta roƙe ni abu ɗaya a duk rayuwarta, na yi mata. Ban yi nadama ba, kuma ba zan nemi gafarar tsofaffin Gashua masu nuna 'ya'yan mutane da baki ba.

Da daminar nan na ɗaga tabarmar na duba shi. Allon da na yi yana nan garau, zarensa bai goge ba, mutum ɗaya kaɗai aka wanke a kansa. Amma na ƙwanƙwasa na sama na hagu na ji ya yi amo irin na ƙwarya, kuma ga ƙasar gara ta fara hawa ta bayansa. Ni hannuna yanzu ko kofin shayi sai na tallafe shi da ɗayan. Ƙarfen filen ɗin yana cikin akwatin kwano a ƙarƙashin benci, na naɗe shi da tsumma mai mai. Sani, kai ka gaji shagon, aikin naka ne. Kada ka wasa tsagar, ba lalacewa ba ce. A kan ƙyauren nan nake so a wanke ni, kuma ba za a kwantar da ni a kan rami ba.

Ban ce yanzu ba. Har yanzu ina jin daɗin tuwo, ina jin daɗin hayaniyar jikokina. Amma na san 'yan'uwanka, Sani, za su ja ka bayan shago su yi maka kuka, kuma kukan nasu na gaskiya ne. Ka saurare su, ka rarrashe su. Sai dai ranar da na kira ka na ce na gaji, kada ka ce mini katako bai bushe ba.